Shaihu Umar a Idon Mutumin Jos: Ina Gwarawan da Makau Ya Kamo Suka Ƙare?

A hutun da ya wuce jikata ta ɗauko mini littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ce in taya ta bita saboda jarrabawa. Rabona da littafin nan an fi shekara talatin. Muka shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, tana karantawa ina gyara mata. Da muka wuce wurin da mutanen Sarkin Kagara suka kai hari ƙasar Gwari suka komo da bayi, aka ƙulla wa Makau sharri, sai yarinyar ta ajiye littafin ta ce, "Kaka, shi Makau mun ji abin da ya same shi. To, su Gwarawan da aka kamo fa, ina suka ƙare?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta. Na karanta littafin nan ina ɗalibi, na sake karanta shi ina magidanci, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ita ce ta sa na ɗauki biro.

Bari mu fara da asalin littafin, don samarinmu da dama sunansa kawai suka sani. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da shi Shaihu Umar. Marubucinsa a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an haife shi a 1912, ya fito daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi. Ba wanda ya san shi ne zai zama Firayim Ministan Najeriya, ko kuma za a kashe shi a Janairun 1966. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Fim ɗin ya daɗe da ɓacewa, sai daga baya aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-Finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan garinmu Jos, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Labarin a taƙaice shi ne: wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su tarihinsa. A Kagara aka haife shi, maraya ne, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki. Bayan harin ƙasar Gwari, 'yan hassada suka ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Aka kore shi, ya ƙare a Makarfi. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, a bayanta aka sace yaron. Daga hannu zuwa hannu ya faɗa Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya haye Sahara da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta shiga duniya nemansa, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. A can suka haɗu da ɗanta, ba ta jima ba ta cika. Shi kuma a hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Allah ya tsirar da shi, ya zo ya zauna Rauta.

Sai mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa tukuna. Cikin littattafan gasar nan, Shaihu Umar shi ne ya fi kusa da rayuwar mutane ta zahiri. Ruwan Bagaja ban dariya ne da yawon duniya, Ganɗoki kirari ne da yaƙi da aljannu. Shi Abubakar bai nemi ya ba kowa dariya ba. Hausarsa a tsaye take, jimlolinsa gajeru, ba ya cika ado. Ya san fada da makircinta, ya san yadda sarki ke sauraron wanda ya riga kai ƙara. Ya kuma yi wani abu da nake ganin shi ne ƙarfin littafin: ya ɗora mutum biyu a kan hanya guda. Hanyar Sahara da ta kai ɗa ga ilimi da limanci, ita ce ta kai uwa ga sarƙa da kabari. Bai tsaya yi mana wa'azi a kai ba, ya bar mu mu gani. Malaman makaranta sukan ce jigon littafin haƙuri ne da yarda da ƙaddara. Ban musa ba, amma duk wanda ya bi sawun matar nan daga Fatika zuwa Tarabulus ya san akwai ƙara da marubucin ya shigar a kan cinikin mutane, ko da bai ɗaga murya ba.

Akwai kuma rauni irin na sabon hannu. Katari ya yi yawa. Kura ta cinye ɓarawon yaro ta bar yaro, guguwa ta cinye ayari ta bar mutum ɗaya, uwa da ɗa suka haɗu a birnin da ba ɗayansu ya taɓa sani. Sannan Shaihun yana ba da labarin abubuwan da aka yi yana goye, da zantukan da aka yi a fada ba ya nan, filla-filla kamar da idonsa. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, haka masu ba da labari na da suke yi. Abin da ya dame ni shi ne tambayar jikata.

Ku koma ku duba babin harin nan da kyau. Mahaya sun yi kwanton ɓauna, mutane sun fito gonakinsu, aka auka musu. Da aka komo gida, rigimar da ta tashi ta lissafi ce: nawa Makau ya kamo, nawa ya kawo gaban sarki. Zaluncin da littafin ya sa mu ji zafinsa shi ne wanda aka yi wa Makau. Mutanen da aka raba da gonakinsu da 'ya'yansu a safiyar nan ba su da suna, ba su da magana, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Kowane ɗayansu yana da uwa irin ta Umar, wata ƙila ita ma ta bi daji tana kuka, amma alƙalamin bai bi ta ba. Tausayin littafin yana farawa ne daga inda bauta ta taɓa ɗa Musulmi.

Wannan iyaka ba Abubakar ne ya shata ta ba, ya gāje ta ne. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa a kan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba, ya kafa hujja cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, kuma ba a bautar da Musulmi ɗa. Cikin laifuffukan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tuhumi sarakunan Haɓe da su har da sayar da Musulmi. Kama mutanen Gimbana, jama'ar Malam Abdussalami, da rundunar Yunfa ta yi yana cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Ke nan daular Sakkwato ta tashi da alkawarin kare 'yancin Musulmi. Wanda ke wajen wannan da'ira, in ba shi da amana da wani sarki, halal ne ga mahaya. Abin da ya biyo baya shi ne tattalin arziki da ya ginu a kan bawa. Masana tarihi biyu, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, a littafinsu na 1993 sun ƙiyasta cewa wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5 a daular. Su ne ke noman gandayen sarauta irin na Fanisau kusa da Kano, su ne a rumadan Zazzau, su ne 'yan dako a ayarin fatake. Da bawa ake biyan gaisuwar shekara zuwa Sakkwato, da bawa ake sayen doki, da dokin kuma ake kamo wani bawan. In kuɗi ya yi yawa ta yadda jakuna ba za su iya ɗaukar wurinsa ba, sai a yi ciniki da bawa a matsayin kuɗi.

To, daga ina ake samo su? A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Kagara da Shaihu Umar ya fito tana yankin da gidan Nagwamatse na Kwantagora ya addaba da hare-hare har Turawa suka ci garin a 1901. Ta gefenmu kuwa, Zazzau tana matsowa daga yamma ta Kauru da Lere da Jama'a, Bauchi tana matsowa daga gabas, Wase na ƙarƙashinta daga kudu. Yakubu, wanda ya karɓi tuta daga hannun Shehu ya kafa Bauchi, shi kansa Bageri ne, ɗan ƙasar. Ƙabilun da ke gindin duwatsu da dama sun shiga amana, suna biyan haraji a bar su lafiya, kuma sau da yawa harajin nan da mutane ake biyansa. Amma saman tsaunin nan da muke zaune a kai, dawakin sarakuna ba su taɓa mallake shi ba. Birom da Mwaghavul da Ron da sauransu suna da nasu ƙananan dawakin, suna da shingen ƙyarana da ke kewaye garuruwansu, suna da duwatsun da baƙo bai san hanyarsu ba. Wasu ƙauyukan da muke gani a maƙale a kan dutse, mu ce me ya kai mutum can, tsoron hari ne ya kai kakanninsu.

Ɗalibanmu da suka yi tarihin Amurka za su ga kamanni. A can ƙasa ɗaya ta rabu biyu, jihohin Kudu masu noman auduga da bayi, da jihohin Arewa da suka soke bauta. Tun a tsarin mulkinsu na 1787 aka yi cinikin cewa in za a raba kujerun majalisa, bawa biyar a ƙirga su a matsayin mutum uku, abin da ya ƙara wa masu bayi ƙarfi alhali bayin ba su da ƙuri'a. A 1820 aka yi yarjejeniyar shigar da Misuri a matsayin jihar bayi, a shigar da Men a matsayin jihar 'yanci don kada ma'auni ya rinjaya. A 1850 aka yi dokar da ta tilasta wa mutanen Arewa su mayar da bawan da ya gudo wurinsu. A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4, audugar da suke nomawa kuwa ta fi rabin abin da ƙasar ke sayarwa waje. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a shekarar, Kudu ta ɓalle, aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, mutum fiye da dubu 600 suka mutu, sannan aka soke bauta a tsarin mulki.

Tambayoyi uku ne suka kai Amurka yaƙi: wa zai yi noma, wa ke da bawan da ya gudu, wa zai mulki wa. Su ne dai tambayoyin da ke tsakanin masarautun fili da mutanen dutse a ƙarni na 19. Bambancin shi ne su Amurkawa sun yi rigimarsu a majalisa da kotu kafin su kai ga bindiga, don haka komai nasu a rubuce yake, kowane ɓangare yana da jaridunsa. Har littafin ƙagaggen labari ɓangaren masu ƙin bauta suka samu, Uncle Tom's Cabin na Harriet Beecher Stowe a 1852, wanda ya sa mai karatu ya shiga bukkar bawa. A wurinmu ɓangare ɗaya ne ke da tawada da allo. Ɗaya ɓangaren ya ajiye nasa tarihin a baka, a waƙoƙi da labaran da kaka ke ba jika. Mu ba mu ji su ba, amma ba su ɓace ba. Maƙwabcinka da kuke sayen tumatir tare a Farin Gada da su aka rene shi.

Kada kuma a ɗauki kamannin nan a kai shi inda bai je ba, don 'yan siyasa sun iya wannan. A ƙasar nan ba a taɓa samun "jihar 'yanci" irin ta Amurka ba, wadda ta haramta bauta da doka. Mutanen dutse su ma suna yaƙi da juna, suna kama fursunoni, wasu suna sayar da su ga fatake, musamman a shekarun yunwa. Ku dubi Ningi. Malamai ne Hausawa daga ƙasar Kano, ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan haraji wajen 1846, suka shige duwatsu, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen wurin. Sun fi shekara hamsin suna hana Kano da Bauchi da Zazzau barci. Masu tawaye ne ga daula, amma su ma da harin bayi suka rayu, kuma talakan Kano Musulmi shi ne abin kamunsu. A littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa Bahaushiya aka buga a 1954, za ka ga gida ɗaya yana da rinjin bayi, kuma daga wannan gidan mahara suka sace mata aka je aka fanso su da kuɗi. Hausawa da yawa an sayar da su har Bahiya ta ƙasar Barazil. Rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ita ce tushen sojan Najeriya, da Hausawa bayi da suka gudu daga iyayengijinsu aka fara ta. Saboda haka wanda ya ce Bahaushe mai kamu ne, ɗan dutse abin kamu, ya taƙaita gaskiya har ta zama ƙarya. Wannan ma Shaihu Umar ya nuna shi sarai: ɗan gidan maharin ne aka sace.

Akwai wani abu kuma game da lokacin da aka rubuta littafin. Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa ranar 1 ga Janairu 1900 da sunan yaƙi da bauta. Suka ci Bauchi da Zariya a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. Sun hana hari, sun rufe kasuwar bayi, sun ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Amma ba su 'yanta bayin da ke hannu ba, don suna bukatar sarakuna, sarakuna kuwa suna bukatar gandayensu. Sai aka tura bawa kotun alƙali ya fanshi kansa, yana biyan murgu, wato kuɗin da yake ba ubangijinsa don a bar shi ya yi aikin kansa. Bayi dubbai ba su jira ba, suka gudu. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan ranar da Malam Abubakar ya zauna rubuta littafinsa a Bauchi, akwai mutane a garin da doka ba ta gama sakinsu ba, akwai tsofaffin da suka yi hari, akwai tsofaffin da aka hara. Ga shi ma'aikacin En'e, littafin kuma hukumar Turawa ce za ta buga don makarantun da sarakuna ke riƙe da su. In muka tuna wannan, sai mu ga ko abin da ya faɗa ma ya yi ƙarfin hali. Ya jefa labarin can baya zamanin su Rabe, ya kai mafi munin abin can ƙetaren Sahara, amma ya fara shi da fadar sarkin Musulmi tana rabon mutane. Kuma shi ne mutumin da ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara. Ba na zarginsa da rashin tausayi. Abin da nake cewa shi ne ya tsaya a inda zamaninsa ya tsaya, mu kuwa da muke karanta shi bayan shekara casa'in ba mu da uzurin tsayawa a nan.

Yanzu ina mu mutanen Ali Kazaure muke a cikin wannan labari? Kakanninmu akasari ba da doki da mashi suka hau tsaunin nan ba. Kuza ce ta kawo su. Tun kafin Turawa akwai maƙeran da ke narka kuza a Liruwen Kano da Liruwen Dalma. Bayan 1902 Kamfanin Neja ya biyo sawunta har Naraguta, aka buɗe ramuka, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Turawa suka sa haraji da kuɗinsu, dole talaka ya nemi inda zai sami sulalla. Wasu sun zo da fatauci, wasu da almajirci, wasu da fawa da ɗinki, wasu da kwano a ka suna haƙa. A cikin masu kwanon nan akwai masu tara kuɗin murgu, akwai waɗanda suka gudo daga rinji suka zo inda ba wanda ya san su, suka ce su Kanawa ne ko Zagezagi, aka karɓa. Wannan yana cikin albarkar Jos: gari ne da mutum ya iya sake haihuwar kansa. Lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace kuzar Malaya a 1942, Turawan nan da suka zo hana bauta suka kwaso mutane daga lardunan Arewa da ƙarfin tsiya zuwa aikin tilas a ramukan kuza har 1944, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a nan. Wanda duk ya bincika gidansu da gaskiya zai iya tarar da mahari, ko wanda aka hara, ko duka biyun. Wata ƙila kakar wani a cikinmu tana cikin irin Gwarawan da Makau ya kamo. Ga amsar jikata ke nan, ko da rabi: ba su ɓace ba, da yawansu sun zama mu.

Me ya sa wannan ya dame mu yau? Saboda tsohon bashin nan har gobe ana kawo takardarsa. Tsoron mulkin sarakunan Arewa shi ne abin da ƙananan ƙabilu suka kai gaban Hukumar Willink a 1957 zuwa 1958. Shi ne ya raya jam'iyyar UMBC ta su Joseph Tarka a gaban NPC, jam'iyyar shi kansa marubucin. Shi ne ya sa kalmar 'yantarwa ta zama taken Solomon Lar a 1979. Garin Tafawa Ɓalewa da marubucin ya ɗauki sunansa ya ga nasa tashin hankalin a 1991. Mu a nan, tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, mun ga 1994, mun ga 7 ga Satumba 2001, mun ga Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Ba sai na tuna wa kowa abin da ya rasa ba. Rigimar ta kujera ce da takardar zama ɗan ƙasa da filin kasuwa, amma duk lokacin da aka so a hura ta, sai a ce wa yaron can, "Jikokin masu kama kakanninka ne." A nan kuma sai a ce wa namu yaron, "Ai bayinmu ne da." Duka maganganun biyu ƙarya ce da aka yi wa kwaskwarima da ɗan guntun gaskiya. Yaron da bai san tarihi ba ba shi da abin da zai kāre kansa daga ko wacce.

Na san wani zai ce, Malam, a wannan hali da ake neman hujja a kanmu, kai kuma ka zo kana tono? Ni a ganina gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Haƙƙinmu a Jos bai dogara da cewa masarautun da ba su taɓa zalunci ba. Ya dogara da shekara fiye da ɗari na zama da gini da biyan haraji da binne iyaye a wannan ƙasa, da kuma tsarin mulkin Najeriya. In muka yarda cewa an yi hari kuma abin ya yi muni, ba mu rasa komai ba, sai ma mu sami bakin cewa: to, ga namu kakannin da su ma aka sayar, ga waɗanda suka mutu a ramin kuza tare da naku. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. In muna so maƙwabci ya sauko daga nasa tudun, sai mu fara saukowa daga namu.

Akwai kuma na cikin gida, wanda ya fi kusa. Har yau in ana binciken aure a wasu gidajen unguwar nan, akan rage murya a ce "a duba asali". Kowa ya san abin da ake nufi. Har yau in faɗa ya yi zafi akan ji "bacucane" ko "ɗan baiwa". Har yau yaranmu na kiran maƙwabci da sunan da ya tsana, sunan da a da shi ne lasisin kama mutum. Muna karanta Shaihu Umar mu yi kuka don an sayar da uwar malami, sannan mu hana 'yarmu auren saurayi mai addini da sana'a don an ce kakan kakansa sayensa aka yi. To, shi Shaihu Umar ɗin da almajirai ke tururuwa gabansa a Rauta, ba ta wannan hanya ya bi ba? Da ya zo neman aure gidanmu, da mun ba shi?

Hukuncina a kan littafin shi ne: yana nan da ransa, ya cancanci a ci gaba da karanta shi, ya fi da yawa daga cikin abin da ake bugawa yau nauyi. Gajere ne, ana gama shi a zama biyu. Amma a daina koyar da shi kamar tatsuniyar haƙuri kawai. Shawarata ga malamanmu na sakandare da na Islamiyya, in an zo babin harin a dakata. A tambayi yara su wane ne aka kama, wa ya amfana, ina kuɗin ya tafi. A sa su rubuta labarin ɗaya daga cikin mutanen nan da littafin bai ba suna ba. A haɗa musu da Baba ta Karo su ji muryar mace da ta ga ƙarshen zamanin da idonta. Matasanmu masu harkar fim, tun da hukumar tana garinmu, su nemi a nuna fim ɗin Adamu Halilu a fili, a gayyato matasan Nasarawa Gwom da Jenta da Kabong a kalla tare, a zauna a yi magana bayan an gama. Masu tsofaffi a gida kuwa, ku zauna da su da wayarku ku ɗauki labarin yadda aka zo Jos tun suna da rai, har da ɓangaren da ba a so a faɗa.

Jikata ta ci jarrabawarta, alhamdu lillahi. Tambayar da ta yi mini ba ta fito a takarda ba. Na dai yi mata alkawari in an yi hutu za mu je gidan tarihi na Jos, daga nan mu wuce Naraguta in nuna mata inda kakana ya fara ɗaukar kwano. Allah ya jiƙan Malam Abubakar, ya jiƙan waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba, ya zaunar mana da garinmu lafiya. Amin.